Sankarar mama: ku tambayi dangin uba ma

1/ Goggona ta rasu da sankarar mama tana da shekara 41, Allah ya jiƙanta. Da na ce ƙanwata ta je a duba ta, sai aka ce min "ai ta wajen uba ce, ba a gadon wannan ta can." Wallahi ba haka ba ne. Ku biyo ni 🧵

2/ Kowa na da ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, maza da mata. Aikinsu gyara ne: in DNA ta tsinke, su ɗinke ta. In iyaye ɗaya na da mai lahani, uwa ko uba, kowane ɗa na da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya gada.

3/ To ga abin mamaki. Ƙwayar tana ko'ina a jiki, me ya sa cutar ta fi faɗa wa mama da ƙwan mace? Babban dalilin da masana ke nunawa shi ne homon. Kowane wata istirojin da furojestaron suna sa ƙwayoyin mama su yi ta rabuwa. Rabuwa ta yi yawa, tela kuma ba lafiya, ɓaraka sai ta taru.

4/ Amma biyun ba halinsu ɗaya ba. Mafi yawan ƙarin da BRCA2 ke kawowa yana da "kunnen" jin istirojin, da shi yake girma. Shi ya sa tamoxifen, mai toshe kunnen, yake masa aiki.

5/ Na BRCA1 kuwa mafi yawansu ba su da kunnen. Bincike ya nuna furojestaron na taɓa wasu ƙwayoyi, su kuma su aika saƙon RANKL ga maƙwabtansu marasa kunne su hayayyafa. Homon ne ya hura wutar, amma in ta kama ba ta jin maganarsa. Tamoxifen ba zai kashe irin wannan ba.

6/ Kar ku ce cutar Turawa ce don kun ji Angelina Jolie a 2013. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, aka buga a 2018, ya gano kusan 1 cikin 10 na masu cutar na ɗauke da lahani a BRCA1 ko BRCA2.

7/ Ra'ayina: ɓoye abin da ya kashe 'yan uwa ba kunya ba ce, zalunci ne ga na baya. "Ciwon ajali" ba sunan cuta ba ne. Ajali gaskiya ne, amma likita na buƙatar suna da shekaru.

8/ Na san gwajin gado da tsada, ba kowa ke iya yi ba. Tambaya kam kyauta ce. Wa ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mace? Tana da shekara nawa? Akwai namijin da ya yi ta mama? Ɓangaren uwa da na uba duka.

9/ In kuma an gano cutar a jikin wata taku, ku ce: "Likita, an gwada ko ƙarin yana jin homon?" Amsar ce ke zaɓar magani. Kar a sayi tamoxifen a kemis don ya yi wa maƙwabciya aiki.

10/ Gado ba hukunci ba ne, ba duk mai ɗauke da shi ke kamuwa ba. Ƙanwata dai ta je. Yau da daddare ki kira Goggo ko Inna ki tambaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.