SHUGABAN JAM'IYYA MAI TABO: RIBA CE KO ASARA?

Duk lokacin da wata jam'iyya ta naɗa sabon shugaba wanda ake ce-ce-ku-ce a kansa, sai majalisun matasa su dare gida biyu. Wasu su ce ai irin wannan gogaggen ne zai iya, tunda siyasa ba ta son mai sanyin hali. Wasu kuma su ce an dai ɗauko wa jam'iyya kara da kiyashi. To abin da zai raba wannan gardama shi ne a waiwaya a ga abin da ya riga ya faru, kuma misalai biyu sun isa.

Na farko shi ne Ali Modu Sheriff, tsohon Gwamnan Borno. Bayan PDP ta faɗi zaɓen 2015, ta rasa mulkin da ta riƙe shekara 16, sai gwamnoninta suka ɗauko Sheriff a watan Fabrairun 2016 suka ba shi shugabanci, alhali a 2014 ya shigo jam'iyyar daga APC. Hujjarsu ita ce yana da dukiya, kuma ba shi da tsoro. Dattawan jam'iyya da yawa sun ƙi yarda, suna kawo zarge-zargen da ake yi masa game da rikicin Boko Haram, waɗanda ya sha musantawa. Wata uku kacal, a babban taron Fatakwal na 21 ga Mayu, 2016, waɗanda suka kawo shi suka tsige shi, suka naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Ahmed Makarfi, tsohon Gwamnan Kaduna. Sheriff ya ce bai san zance ba. 'Yan sanda suka rufe hedikwatar jam'iyya ta Wadata Plaza, kotun Abuja ta ce kaza, ta Fatakwal ta ce akasin haka. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba Sheriff gaskiya a Fabrairun 2017, sannan Kotun Ƙoli ta ba Makarfi a ranar 12 ga Yuli, 2017.

Wato kusan wata 14 jam'iyyar adawa ta yi tana adawa da kanta. A Jihar Ondo, inda take mulki a lokacin, kowane ɓangare ya tsayar da nasa ɗan takarar gwamna, kuma sai da ya rage 'yan kwanaki a yi zaɓen Nuwamban 2016 kotu ta mayar da sunan Eyitayo Jegede. Yaushe zai yi kamfe? APC ta ɗauke jihar. Shi kuwa Sheriff, a 2018 ya koma APC abinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Misali na biyu shi ne Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya zama shugaban APC a ranar 3 ga Agusta, 2023, bayan murabus ɗin Abdullahi Adamu. Masu suka sun kawo abubuwa uku: bidiyon dalar nan da ya fito a 2018, wanda ya musanta, da kuɓucewar Kano daga hannun APC a zaɓen 2023 bayan ya mulke ta shekara takwas, da kuma ƙorafin 'yan Arewa ta Tsakiya cewa kujerar rabonsu ce. Magoya bayansa kuwa suna da abin lissafi, kuma adalci ne a faɗe shi. A zamaninsa APC ta ci zaɓen gwamna a Kogi da Imo a 2023, ta ƙwace Edo daga PDP ta kuma riƙe Ondo a 2024, sannan gwamnonin Delta da Akwa Ibom suka shigo cikinta a 2025.

To amma abin tambaya a nan shi ne, shin gwamnan da ya bar jam'iyyarsa ya shigo, shugaban jam'iyya ya biyo ko mai riƙe da gwamnatin tarayya? Amsar ta fito ranar da abubuwa suka juya. A tsakiyar Yunin 2025 taron APC na Arewa maso Gabas ya watse da hatsaniya a Gombe saboda rashin ambaton sunan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima. Ranar 27 ga watan Ganduje ya ajiye muƙami, aka ce saboda rashin lafiya, kuma a watan Yuli aka naɗa Nentawe Yilwatda na Filato, kujera ta koma inda ta fito. Bayan saukarsa gwamnoni ba su daina tururuwa zuwa APC ba. Ashe dai ba don shi suke zuwa ba.

Bambancin da ke tsakanin mutanen biyu, bambanci ne na mulki. Jam'iyya mai gwamnati tana da muƙamai da kwangiloli da za su lulluɓe tabon shugabanta. Ta adawa kuwa ba ta da jarin da ya wuce mutuncinta a idon jama'a, in ya zube shi ke nan. Amma akwai inda suka haɗu: dukkansu ba 'ya'yan jam'iyya ne suka zaɓe su a babban taro ba, kwamitin zartarwa ne ya amince da abin da manya suka riga suka shirya. Su kuwa manya sukan so mai tabo, don suna ganin wanda maƙiya suka yi wa yawa yana buƙatar inuwa, mai neman inuwa kuwa ba ya yi wa mai bishiya musu. In lissafin ya yi daidai, su yi amfani da shi su sauke shi. In ya ƙi sauka, kamar yadda Sheriff ya yi, jam'iyya ce ke kwana a kotu. Saboda haka irin wannan shugaba yakan amfani waɗanda suka kawo shi na ɗan lokaci, jam'iyya kuma ta biya bashin.

Wanda ya fi kowa asara a wannan ciniki shi ne matashi. Shi ake ba kwali ya ɗaga, shi ake turawa ya zagi sa'an mahaifinsa a rediyo da Facebook, shi ake fasa wa kai a wajen taro, su kuwa manya gobe su zauna a falo ɗaya. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma 2011 zuwa 2015, kafin su raba gari. Sheriff ya zauna a ANPP, ya shiga APC, ya koma PDP, ya sake dawowa. Matasa nawa ne suka ɓata da 'yan uwansu na jini a kan waɗannan mutane?

Don haka duk matashin da aka kawo wa labarin sabon shugaban jam'iyya, kafin ya ɗaga murya ya tambayi abu uku. Wa ya kawo shi? Zargin da ake yi masa, an wanke shi a gaban shari'a ko an rufe zancen ne kawai? Kuma in ya yi ba daidai ba, talakan jam'iyya na da ikon cire shi? In amsar ta ƙarshe a'a ce, to faɗan na masu jam'iyya ne, ba nasa ba, ya adana lafiyarsa da mutuncinsa. Allah Ya sa a gane.