Kada Ku Naɗa Wa Djibo Rawanin Da Ya Ƙi

Duk shekara idan 3 ga Agusta ta matso, sai tsohuwar gardama ta taso tsakanin 'yan Nijar: wai wane ne shugaban ƙasarmu na farko? Littafin makaranta ya ce Diori Hamani. Wasu kuma, musamman 'ya'ya da jikokin 'yan Sawaba, suka ce atafau Djibo Bakary ne, Faransa ce ta ƙwace ta miƙa wa ɗan gidanta. Ni ina cikin masu ganin girman Djibo, kuma saboda haka ne nake cewa masu wannan magana rage masa daraja suke yi.

Mu dubi kujerar da ya hau. A 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba yankunan da take mulka damar kafa majalisar gwamnati. Bayan zaɓen 1957, Djibo ya jagoranci gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Yamai. To amma muƙaminsa mataimaki ne, shugaban majalisar kuwa gwamna ne Bafaranshe. Ko da aka ɗaga muƙamin a 1958, soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje duk suna hannun Faransa. Babu tuta, babu jamhuriya. Wanda ya kira wannan shugabancin ƙasa, ya yarda ke nan cewa ana iya zama shugaban ƙasa alhali akala tana hannun wani.

Djibo da kansa bai yarda da haka ba. Da De Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo ya ce a jefa “a'a”, a karɓi 'yanci nan take, kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Yana bisa kujera ya faɗi haka, kuma ya san abin da zai iya biyo baya. Aka turo Gwamna Colombani, sarakuna da yawa suka janye jiki, “i” ta yi rinjaye, gwamnatinsa ta faɗi a watan Oktoba. Ranar 18 ga Disamba aka shelanta jamhuriya, Diori ya karɓi gwamnati. A 1959 aka haramta Sawaba, Djibo ya shafe shekaru yana gudun hijira.

Za a ce mini ai an yi danniya a ƙuri'ar. Na yarda, gwamnatin mulkin mallaka ta sa hannu dumu-dumu. Amma wanda aka riƙe wa linzami a filin sukuwa, cewa ake an zalunce shi, ba a cewa shi ya zo na ɗaya. Ranar da Nijar ta samu 'yanci a 1960, Diori ne a kan ragama, kuma a Nuwamban shekarar majalisar dokoki ta zaɓe shi shugaban jamhuriya. Ƙiyayya ba ta goge wannan.

Su ma masu tutiya da Diori su saurara. “Na farko” lissafi ne kawai, kamar ɗan fari a gida, ba shaidar nagarta ba ce. Majalisar da ta zaɓe shi ba ta da 'yan adawa, kuma a 1965 da 1970 shi kaɗai ya tsaya takara, har Seyni Kountché ya hamɓarar da shi a Afrilun 1974. In ana neman wanda talakawa suka fara zaɓa daga cikin 'yan takara da yawa, sai an gangaro 1993, kan Mahamane Ousmane.

Abin da nake jin tsoro shi ne yaranmu. In muka koya musu cewa Djibo shugaban ƙasa ne da aka sace wa suna, za su tashi da ƙorafi a maimakon ilimi, kuma ranar da suka buɗe littafi suka ga ba haka ba ne, har gaskiyar da ke cikin labarinsa za su zubar. Abin da ya cancanci mu yi faɗa a kai shi ne a koyar da 1958 dalla-dalla a makarantu, daga Tawa har Damagaram: wa ya ce “i”, wa ya ce “a'a”, me kowa ya samu, me ya rasa. Diori ya riƙe lambarsa ta ɗaya. Djibo kuwa a kira shi da sunan da ya saya da kujerarsa: shugaban gwamnatin da ya ce wa Faransa a'a.