LAFIYAR IYALI: In Allura Ta Yi Kaɗan, Wa Zai Fara?

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da ya kamata Kirista ya yi sa'ad da allurar rigakafi ba ta isa kowa ba.

Mu mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba mu manta da sanƙarau na 2017 ba. A ƙasar Zurmi ya ɓulla a ƙarshen 2016, kafin ya lafa ya kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya. Allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta sanƙarau iri na A ce, wannan kuwa iri na C ne, allurarsa kuma ta yi ƙaranci a duniya duka. Kashin farko da ya iso guda 500,000 ne kaɗai, alhali mutanen Zamfara sun haura miliyan 3. Saboda haka aka ce yara da samari za a yi wa, gama su cutar ta fi kamawa.

In irin wannan ya sake faruwa, ga shawararmu. Dattijo kada ya nemi alfarma wurin ma'aikacin da ya sani, gama allurar da ya karɓa ta wani yaro ce. Mu kai 'ya'yanmu da sassafe, mu haɗa da maraya da ɗan maƙwabci, ko Kirista ko Musulmi. Kada kuma tsoro ya sa mu sayi allura a kasuwa. A 2015 an sami ta jabu a Nijar.

Wanda bai samu ba, ya rage cunkoso a ɗakin kwana, ya bar taga a buɗe. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuyansa ya sandare, a kai shi asibiti ran nan. Rigakafi ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Mun gode wa Allah, a 2024 Nijeriya ta fara yin sabuwar allura mai tare iri 5. Duk ran da aka yi shela, mu fita da iyalinmu. Ubangiji shi kiyaye mu, amin.