Tsohuwar zuma ba ta magani a motar lantarki

Mutanenmu na kudancin Kaduna suna da wata aƙida a kan mota, kuma ba a banza suka riƙe ta ba: in za ka sayi Beljiyam, nemi tsohon yayi. Corolla ta 2005 ta fi ta 2015 kwanciyar hankali. Golf 3 ta fi ƙannenta jure ramuka. Sharon kuwa har gobe tana kwasar fasinja da kaya daga tashar Kafanchan. Kowane bakanike ya san cikin waɗannan motoci, kayan gyaransu na zube a Panteka, in ɗaya ta mutu maka a dajin Kachia yaron gareji da sifana biyu zai tashe ta. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a motar fetur maganar tana nan daram.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, sai hirar motar lantarki ta bar bakin 'yan boko ta shigo majalisar mai shayi. Sabuwa dai sai wane da wane. Abin da ma'aikaci ko ɗan kasuwar citta zai iya hange shi ne ta hannu, kuma da wannan tsohuwar aƙida zai tunkare ta. A nan nake jin tsoro, domin ita ce za ta kai kuɗin mutane rami.

Motar lantarki ba ta da baƙin mai, ba fulogi, ba kulochi, ba salansa. Abin da ke juya tayoyinta yana iya shekaru bai nemi komai ba. Kusan duk tsufanta a wuri guda yake taruwa, wato batir, ƙaton faranti mai nauyin ɗaruruwan kilo da ke shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru. Shi kuma batir ko an hau mota ko an ajiye ta, shekara tana cin sa, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Kamar doya ce a rumbu: ba wanda ya taɓa ta, amma wadda ka ɗauko a watan Afrilu ba ta kai nauyin wadda ka zuba a Disamba ba. Saboda haka in dillali ya dafa ƙirji ya ce maka, "Yallaɓai, wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka, coci kawai take zuwa da ita," ko da gaskiya ya faɗa, bai gaya maka komai a kan batir ba.

Mu ɗauki Nissan Leaf, don ita ce wadda mai ƙaramin ƙarfi zai fi cin karo da ita a gwanjon Amurka. Ta fito a ƙarshen 2010 da batir mai ɗaukar yunit 24, irin yunit ɗin nan dai da muke saya a mita. Tana sabuwa dal, hukumar Amurka ta auna tafiyarta a caji guda kilomita 117. Kamfanin bai sa wa batirin ruwan sanyaya ba, iskar Allah kawai ya bar masa. Ba a kai shekara biyu ba, a 2012, masu ita a Phoenix ta jihar Arizona, inda ake zafi irin na Sakkwato, suka fara kukan batiransu na ramewa tun ba a je ko'ina ba. Sai a ƙirar 2015 aka sauya haɗin batirin zuwa wanda ya ɗan fi jure zafi. A 2016 aka fito da mai yunit 30, a 2018 aka sake fasalin motar gaba ɗaya da yunit 40 da tafiyar kilomita 240 da 'yan kai, a 2019 aka ƙara mai yunit 62. Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma tsakanin ta 2012 da ta 2018 ba dangin iya ba na baba.

A gefen dama na agogon tsohuwar Leaf akwai wasu 'yan sanduna sirara guda 12 a jere. Ba su ne ke nuna cajin da ya rage ba, su lafiyar batirin suke nunawa. Sandar farko tana ɓacewa in batir ya yi asarar kusan kashi 15 cikin 100, sauran kuma kowace tana tafiya da kashi 6 da ɗoriya. Motar da ta rage da sanda 8 ba ta riƙe kashi biyu cikin uku na abin da take riƙewa da. A lissafa: kilomita 117 ta koma 77 ko ƙasa, kafin a kunna na'urar sanyi, kafin a ɗauki mutum huɗu da buhun masara a but.

Yanzu a ɗora wannan a kan hanyoyinmu. Daga Kagoro zuwa Kafanchan da dawowa, a biya ta kasuwa, a ɗauko yara daga makaranta, wannan ko mai sanda 8 za ta yi, har da saura. Jos fa? Kilomita 100 ne da ɗan abin da ya hau, kuma hawa ne: muna zaune a gindin tsauni, Jos tana bisa tudun da ya kai mita 1,200. Hawa yana zuƙe caji fiye da yadda mutum zai zata. A gangarowa motar tana mayar da wani abu cikin batir, amma sai wanda ya isa sama ne zai more gangara. Kaduna ta Zonkwa da Kachia ta haura kilomita 200, Abuja ta Kwoi ma tafiya ce mai nisa, kuma babu wanda zai ce maka ga inda za ka tsaya ka yi cajin gaggawa a Kwoi ko Kachia. Mutumin kudancin Kaduna kuwa motarsa ba ta zaga gari ba ce kawai. Da ita ake kai mara lafiya asibitin koyarwa na Jos da tsakar dare, da ita ake bin takardar fansho Kaduna, da ita ake zuwa jana'iza a ƙauyen surukai.

Hujjar da masu son tsohuwar suka fi kawowa tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Suna cewa: ina amfanin ƙaton batir a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa? Soket ɗin bango yana ba da yunit biyu da ɗan kai a awa. Batir mai yunit 24 zai cika a dare ɗaya in wutar ta kwana, mai 40 yana son awa 17 ko fiye, mai 62 ya haura kwana guda cur. Gaskiya ne. Sai dai lissafin a juye yake. Ba wanda ke cika batir daga sifili kullum, abin da ka ƙona jiya kawai kake mayarwa. Wanda ya yi kilomita 30 yana bin bango bashin yunit 5 ko 6, awa uku ke nan, ko wane irin batir gare shi. Bambancin yana fitowa ne ranar da wuta ta ƙi zuwa. A ƙarshen Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun fi mako guda a duhu. A irin wannan mako mai yunit 40 yana da ajiyar kwanaki, mai tsohuwar da ta rage da yunit 14 kuwa kwana biyu ya koma hawa acaɓa. Rashin tsayayyar wuta dalili ne na neman babban batir.

Wanda ke da sola a gida ya fi kowa morewa, amma shi ma ya tuna abu biyu. Rana da rana take aiki, lokacin da motar ke wurin aiki, sai dai a shirya cajin Asabar da Lahadi bayan an taso coci ko a sayi manyan batiran ajiya. Sannan watan Agusta a Kagoro, da hadari ke kwana a kan dutse ya wuni, farantin sola ba ya ba da abin da yake bayarwa a Fabrairu. Caji da janareta kuwa, ai an koma gidan jiya, fetur ɗin da aka gudu shi ake ƙonawa.

Ribar dai tana nan, kada a ce na kashe wa mutane gwiwa. Motar irin wannan tana cin kusan yunit 17 a kilomita 100. Ko da farashin wuta na rukunin A, naira 225 kowane yunit, da aka sanar a Afrilun 2024, wanda shi ne mafi tsada, kuɗin bai kai naira 4,000 ba. Corolla a wannan tafiyar za ta sha lita 8. Amma ranar da batirin tsohuwa ya ce ga garinku, kuɗin wani batirin da jigilarsa da kwastan yana iya kamo kuɗin da aka sayi motar, ya haɗiye ribar shekaru a zama ɗaya. Araha ba ta ado.

To ko sabuwar shekara kullum ita ce daidai? A'a, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi. Chevrolet Bolt ta fito a ƙirar 2017 da batir mai yunit 60 wanda ruwa ke sanyaya shi, tana yin kilomita 380 da ɗoriya. Wasu suka riƙa kamawa da wuta saboda kuskure a masana'antar batirin, har a Agustan 2021 kamfanin General Motors ya kira dukkan ƙirar 2017 zuwa 2022. Na 2017 zuwa 2019 an sauya musu batir, da yawa daga na baya-bayan kuma manhajar sa ido kawai aka ɗora musu. Ke nan akwai Bolt ta 2017 da batirinta ya fi ta ƙuruciya, ya fi na wata ta 2020 sabunta. Hyundai ma ta yi irin wannan kira a 2021 a kan Kona mai lantarki, ita Konar da kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana Chevrolet Volt, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Da lambar shasi ana iya dubawa kyauta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ko akwai kiran da ba a amsa ba. Minti biyar ne a waya. Motar da ta tsallako teku ba a yi mata wannan aikin ba, babu wanda zai yi mata shi a nan.

Sababbin motocin Sin, irin BYD, da yawansu suna amfani da wani nau'in batir da ake kira LFP, wanda ya fi jure zafi da yawan cikawa. Wannan alheri ne gare mu. Sai dai a duba bakin cajin, domin na Sin daban, na Turai daban, na Leaf ma daban, kuma masana'antu sun juya wa na Leaf ɗin baya. Wayar cajin da ke zuwa da tsohuwar motar Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu 230, a soka ta a bango a ji ƙauri. Su kuma masu arahar nan na Japan da suka cika Kenya, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannu, doka ba ta yarda da su ba.

Abu guda da sabuwar shekara ba ta wankewa shi ne ruwa. Motocin Amurka da yawa da ke shigowa ƙasar nan daga gwanjon kamfanonin inshora suke. Motar fetur da ambaliya ta shanye ana iya busar da ita a lallaɓa. Batirin da ruwan gishiri ya shiga kuwa, an ga abin da ya yi a Florida bayan guguwar Ian ta 2022: motoci na ajiye suka riƙa tashi da wuta. Ta 2022 mai sheƙi da aka ba ka a farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ka ɗaga kafet ka sansana, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ka sa a ɗaga ta a rami ka ga ko farantin batirin ya taɓa bugun dutse. Da hanyoyin ƙauyukanmu da damina, wannan dubawar ta ƙarshe ba ta wasa ba ce.

Ra'ayina ke nan a fili. Wanda mota ɗaya zai mallaka, kada ya sauka ƙasa da batir mai yunit 40, in da hali ya nemi wanda ruwa ke sanyayawa. In kuɗin bai kai nan ba, ya ci gaba da lallaɓa Corollarsa, bai yi asara ba. Tsohuwar Leaf ta mai mota biyu ce, mai sola a rufi, wanda ya yarda a ransa cewa iyakarta Kafanchan da Manchok, ya kuma biya kuɗin da ya dace da wannan.

Kowace aka zaɓa, kada a yarda da sandunan agogo kaɗai, don akwai masu goge ƙwaƙwalwar motar sandunan su dawo 12 na ɗan lokaci. Akwai 'yar na'ura da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da manhajar LeafSpy a waya, ta nuna lafiyar batirin ɗaki-ɗaki. In babu, a cika motar, a ɗauki dillalin a gaba, a yi tafiyar kilomita 40 da na'urar sanyi a kunne, a ga abin da ya rage. In ya fara "Haba Oga, ba ka yarda da ni ba ne?", a ba shi makullinsa.

Saura masu gyara. Batiran nan suna ɗauke da wuta mai ƙarfin kusan volt 400, wadda ke kashe mutum nan take, kuma yaranmu na gareji hannu tsirara suka saba cusawa cikin inji. Duk wayar da aka ga ruwan lemo ce a motar lantarki, ba ta taɓawa ba ce. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga sabuwar jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025. Ɗaya daga cikinsu ta zauna da ƙungiyar bakanikai ta shirya kwas na 'yan watanni, da safar hannu ta roba da na'urar awo, tun motocin ba su yi yawa ba.