Gada ba ita ce maganin kowace matsalar sadarwa ba

Duk wanda ya girka Ubuntu a cikin VirtualBox ya mallaki kwamfutoci biyu a na'ura ɗaya: ta asali, wadda ake kira mai masauki, da ta kwaikwayo, wato baƙuwa. Da zarar an kasa isa ga baƙuwar, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a mayar da katin sadarwarta kan tsarin gada. Shawarar takan yi aiki, amma ba a cika faɗin abin da take jawowa ba.

VirtualBox yana fara ajiye baƙuwa a kan tsarin NAT. A nan takan sami adireshin 10.0.2.15, saƙonninta kuma su fita ta 10.0.2.2 da sunan mai masauki. Tana iya shiga intanet, amma babu mai iya tunkarar ta daga waje. Gada tana kawar da wannan shamaki: baƙuwa ta karɓi adireshinta kai tsaye daga na'urar rarraba sadarwa ta ofis, ta zama daidai da kowace kwamfuta a wurin. Idan an girka ta ne don gwaji, da kalmar sirri mai rauni da manhajojin da ba a sabunta ba, to an buɗe wa kowa ƙofar da ba ta da mai gadi.

Mai son shiga baƙuwa daga kwamfutarsa kaɗai yana da hanyoyi biyu. Yana iya barin NAT, ya haɗa ƙofa ta 2222 ta mai masauki da ƙofa ta 22 ta baƙuwa, inda SSH ke sauraro. Ko kuma ya ƙara kati na biyu wanda ba ya magana da kowa sai mai masauki, a rukunin adireshin 192.168.56.

Sau da yawa ma matsalar tana cikin baƙuwar ce. Ƙara kati a VirtualBox rabin aiki ne, domin sai an gabatar da shi ga babbar manhajarta. Tun 2013 systemd ya kawo tsarin sanya wa kati suna bisa gurbin da yake, shi ya sa tsohon suna eth0 ya koma enp0s3, kati na biyu kuma enp0s8. Ubuntu ta koma amfani da Netplan a 2017, don haka a /etc/netplan ake rubuta saitin. Wanda ya kwafi tsohon umarni mai ɗauke da eth0 ya saita katin da babu shi, kuma gada ba za ta gyara wannan ba. Umarnin ip link yana nuna sunayen gaskiya, netplan try kuma yana mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 idan ba a tabbatar da sabon ba.

Masu goyon bayan gada suna da hujja: baƙuwar da ke riƙe da rumbun bayanan da dukan ma'aikata ke amfani da shi dole ne kowa ya iya isa gare ta. Haka ne. Sai dai irin wannan baƙuwa tana buƙatar tsayayyen adireshi, katangar tsaro da sanin mai kula da sadarwar ofis. Kafin a taɓa saitin kati, a fara tantance waɗanda ya kamata su iya magana da baƙuwar. Idan mai ita ne kaɗai, babu dalilin gina gada.