Bencin maza a cocin ƙauye

An gama yankan gero, coci-cocin ƙauyukan Tsanyawa da Shanono sun shiga godiyar kaka, kuma abin da ya ɓata ran mai wannan shafi a makon nan shi ne bencin maza. Zumuntar mata ta cika gefenta da ganga da shantu, yara sun cika gaba, amma magidanta da yawa suna gindin bishiya suna lissafin dami. Sai an zo ɗaukar baiko su leƙo.

Ba haka iyayensu suka bari ba. A gidan Bamaguje, tun kafin zuwan mishan, addini a hannun maigida yake. Shi ke yanka wa iskokin gida kaza ko akuya idan damina ta ƙarato, ɗansa na tsaye a bayansa yana kallo, har ranar da wuƙar za ta dawo hannunsa. Da ’yan mishan na SIM suka kafa zango a Roni, suka karɓi asibitin kutare na Yadakunya, suka buɗe makarantar Littafi a Tofa, wannan tsarin ne ya ɗauki bishara. Idan maigida ya yi baftisma, gandu duka ke bin sa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma tsofaffin da suka koyi boko don su karanta shi ba su bar shi a akwati ba. Da asuba, kafin a saɓa fartanya, sai a tara gida a zaure, uba ya karanta sura yana tuntuɓe a kan baƙaƙe, ya yi addu’a a kan ruwan sama da lafiyar shanu. Yaron da ya tashi yana jin muryar ubansa tana roƙon Allah kafin ya ji ta tana ba da umarni, da wuya ya manta.

Tarihi ma ya shaida. Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, sun riƙe abin da suka gaskata daga uba zuwa ɗa, har zuriyarsu suka iske ɗan mishan Dokta Miller a Zariya a 1913. Daga cikinsu Malam Bulus Audu ya fito. Ɗansa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya zama likita, ya shugabanci Jami’ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje, kuma duk wannan bai raba shi da wa’azi ba.

Za a ce talauci ne ke tura maza ci-rani, kuma iyaye mata na ƙoƙari, gaskiya ne. Gandu ma ya watse. An yi ta raba gona tsakanin magada har ta koma kamar tabarma, taki ya yi tsada, saurayi ya gwammace acaɓa a birni. 

Amma ci-rani wata nawa ne? Uban da ke gida duk damina, bai taɓa buɗe Littafi gaban ’ya’yansa ba, ba shi da uzuri. Maƙwabcinsa Musulmi yana riƙe hannun ɗansa zuwa masallaci da asuba, ya biya kuɗin Laraba a makarantar allo. Shi kuwa uban nan ya jingina komai ga malamar makarantar Lahadi, sa’a ɗaya a mako, sannan ya zo wurin fasto yana kuka yaro ya lalace a Sabon Gari. Wannan sakaci ne, kuma dattawan ikilisiya sun san masu yin sa ɗaya bayan ɗaya.

Zumuntar maza ta ikilisiyar ECWA tana taro a kan rufin kwano da siminti. Kafin motocin ci-rani su fara lodi a Bichi, dattawa su bi gida gida su tambayi kowane maigida wa zai jagoranci addu’ar asuba idan ya tafi, kuma yaushe shi kansa ya yi ta ƙarshe.