Cutar da ba a kai ƙararta

Maganar da za mu taɓa a wannan mako magana ce da mutane da yawa suka sani amma ba su son a ji ta daga bakinsu, domin duk wanda ya faɗe ta ya tona inda ya yi hirar dare. Ita ce cutar da ake yi wa jama'a wajen lissafi da canji a mashaya da wuraren hutawa, tun daga manyan bar na birnin Maraɗi har zuwa rumfunan lemu mai sanyi na bakin tasha a Gidan Rumji da Agye da Gazawa.

Na san akwai mai cewa mi ya kai jarida mashaya, wanda ya shiga can ai shi ya sayi abin da ya same shi. Ba mu zo kare giya ba. Hukuncinta a addini sananne ne, kuma malamai ba su gaji da faɗarsa ba. Amma sura ta 83 ta Alƙur'ani mai girma, wadda ta yi magana a kan masu tauye mudu, ba ta ware wani mai saye da aka halatta a tauye masa ba. Bayan haka, ba kowa ne ke zama a waɗannan wurare don giya ba. Akwai mai zuwa kallon ƙwallo a talabijin, akwai mai rakiyar baƙo, akwai direban da ya tsaya cin gasasshen nama da lemu kafin ya kama hanyar Damagaram. Hannun da ke ƙara lissafi ba ya duba abin da ke cikin kwalba.

Mu fara da tushen ruɗanin, wato yadda muke ƙidayar kuɗi. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, kuma dala guda tamma 5 ce ta sefa. Dala ashirin ita ce 100, dala ɗari ita ce 500, jika kuwa dala ɗari biyu ce, wato 1000. Wanda ya yi lekol yana karɓar albashinsa da lissafin Faransanci, yana sayen goro da lissafin dala, kuma kullum kansa na ninkawa da rabawa da biyar ba tare da ya lura ba. Ga kuma naira, wadda ke yawo a kasuwanninmu na kudu kamar ƴar gida. Saboda haka a teburi guda a Maraɗi, in mai hidima ta ce "ɗari", mutum uku na iya jin abu uku: ma'aikacin da ya taso a Yamai ya ji tamma 100, ɗan kasuwar gari ya ji tamma 500, baƙon da ya ƙetaro daga Jibiya ya ji naira 100. Da rana, a kasuwa, da wuya wannan ya cuci kowa, domin akwai haske, akwai maƙwabcin rumfa da zai gyara zance. Da ƙarfe sha ɗaya na dare, cikin ƙarar kiɗa, kalmar tana ɗaukar ma'anar da ta fi yi wa mai karɓar kuɗi daɗi.

Ku ɗauki garin Cadakori, cikin departaman Gidan Rumji, ku dubi waɗanda ke fita daga cikinsa zuwa birni. Malamin lekol ɗan kwantaragi yakan sauka Maraɗi ƙarshen wata don ya karɓi ɗan abin da ake biyan shi, ya haɗu da abokan karatunsa, hira ta yi daɗi, dare ya yi. Mai sayen wake da gujiya a ƙauyuka yakan kawo kayansa, ya sayar, aljihu ya yi nauyi, kuma nauyin aljihun baƙauye ba ya ɓoyuwa ga idon ɗan birni. Haka abin yake ga masu noman aya na Agye da Gazawa lokacin kaka. Tun daga 2019 kuma an sami wasu baƙin: dubban mutanen da ƴan bindiga suka koro daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fake a wannan yanki, har hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Su Hausarsu ɗaya da tamu, amma kansu da naira yake ƙidaya, nairar da ta faɗi har jika guda ta haura naira 2000 a 2024. Matashin da ya fito daga cikinsu ya yi dako a birni yini guda, in ya zauna shan abu mai sanyi da dare, sai ya yi lissafi hawa biyu kafin ya gane ko an cuce shi, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa dala. Kafin ya gama an wuce wani teburi.

Dabarun ba su da yawa, tsofaffi ne, kuma har yanzu suna ci. Babbarsu ita ce ta kwalabe. Al'adar mashayarmu ita ce ba a biya sai an tashi, kuma shaidar abin da aka sha ita ce kwalaben da aka tara a kan teburi ko a ƙarƙashinsa. Wanda ya taɓa lura zai ga yadda kwalba fanko ke da ƙafafu: takan taso daga teburin da aka riga aka biya ta zo ta shiga cikin naku. In wutar Nigelec ta ɗauke kuwa, kakarsu ta yanke saƙa. Wutar da Maraɗi ke sha daga Katsina take zuwa ta Gazawa, kuma waɗanda suka ga duhun da aka shiga bayan Nijeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta na 2023 sun san irin lissafin da ake yi da fitilar salula.

Bari mu buga misali da alƙalami, domin ƴan kasuwa ba su son magana sai da adadi. Abokai uku sun sha lemu shida, kowace kwalba dala saba'in. Gaskiyar lissafi dala ɗari huɗu da ashirin ce, wato jika biyu da dala ashirin, tamma 2100. Mai hidima ta zo ta ce jika biyu da rabi. Babu wanda ya tanka, domin wanda ya gayyato sauran ba ya son a ce yana ƙidayar abin da baƙinsa suka sha. Ya miƙa takardar jika biyar. Aka dawo masa da jika biyu, aka ce sauran dala ɗari babu canji, ya ɗan jira. Ya jira, abokai sun miƙe, mai kabu-kabu na ƙofa, ya bar ta. An ci shi tamma 900 ke nan a zama guda. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, wato tamma 1400 a yini. Kusan kashi biyu cikin uku na guminsa na yini, in shi ƙaramin ma'aikaci ne, ya tafi ba tare da ya sha ko ya ci ba.

"Babu canji" ita ce kalmar da ta fi kowace cin kuɗin talaka a ƙasashen sefa, kuma abin haushin shi ne rabinta gaskiya ce. Ƙananan kuɗi na ƙaranci da gaske. Bankin BCEAO ya fito da ƙarfen dala arba'in da na dala ɗari a 2003, ya janye takardar dala ɗari, sannan ya dawo da ita a 2012, amma har yau mai teburi da mai kanti na faɗa da masu saye a kan canji. A bayan wannan gaskiyar ne maƙaryaci ke fakewa. Wani ya cika maka da alawa ko ashana da ba ka tambaya ba. Wani ya rubuta maka ragowar kuɗinka a guntun kwalin sigari ya ce ka dawo gobe, alhali ya san gobe kana Cadakori. Wani kuma ya zuba maka ƙarfen da ya suɗe, ko ɗan dala hamsin ɗin nan da ƴan kasuwa da yawa ke ƙin karɓa ko da yake kuɗi ne halattacce, sai gari ya waye mai ƙosai ta mayar maka da shi.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna da wata hanyar, ta karnen bashi. A shekarun 1990, lokacin da gomnati ke tara wa ma'aikata albashin watanni ba ta biya ba, ga kuma karyewar darajar sefa da rabi ranar 12 ga Janairun 1994, da yawa sun rayu da "bon": a ci, a sha, a rubuta, sai albashi ya fito. Littafin yana hannun mai wuri, alƙalamin ma nasa ne. Ranar biya mutum ya ga adadin da bai san lokacin da ya hau haka ba, kuma ba shi da bakin musu, domin gobe ma nan zai dawo neman bashi. Su ne mutanen da suka laƙaba wa kwalbar Bière Niger suna "konjonktir", wato matsin tattalin arziki. Matsin ya canza kama, karnen bai mutu ba.

To domin mi wannan cuta ta fi ƙarfi a mashaya bisa ga kasuwa? Domin a kasuwa wanda aka tauye yana ɗaga murya, jama'a su taru, sarkin kasuwa ya shiga tsakani. A mashaya kunya ce ke tsaron ƙofa. Magidancin da ake girmamawa a unguwa, ko alhajin da ke da rumfa a babbar kasuwa, ko shugaban ma'aikata, ba zai tafi kwamisariya ya ce an ci shi dala ɗari da tamanin a bar ba, domin tambayar farko da za a yi masa ta fi kuɗin tsada. Ko matarsa ba zai gaya wa ba. Masu wurin sun san haka sarai, kuma sun san wa ya fi kowa tsoron hayaniya. Shi ake fi yi wa ƙari.

Tarihin garin ma ya taimaka. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a ƙarshen 1999, Katsina da Sakkwato suka bi a 2000, masu sha da masu sayarwa daga can suka riƙa ƙetarowa zuwa garuruwanmu na bakin iyaka, kasuwar dare ta cika da baƙi masu naira waɗanda ba su san farashi ba kuma ba su son a san sun zo. A watan Nuwamba na 2000, lokacin boren ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da Alphadi ya shirya a Yamai, masu zanga-zanga a Maraɗi sun far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da majami'u. Tun daga nan sana'ar ta ƙara shigewa bayan katanga. A ganina wannan ɓoyo bai rage masu sha ba kamar yadda ya rage masu sa ido, kuma inda babu ido nan mudu ke ƙanƙancewa.

Kada kuma mu ɗora kayan duka a kan yarinyar da ke ɗauko kwalba. Galibinsu babu takardar aiki tsakaninsu da mai wuri, kuma abin da ake ba su bai kai albashin da doka ta yanka ba. In kwalba ta fashe, daga kuɗinta za a cire. In wani ya sha ya sulale cikin duhu, ita za ta biya. Mai wuri ya ƙidaya kwalaben da ya ba ta da maraice, da asuba ya karɓi kuɗinsu cif, bai tambayi yadda ta cike giɓin ba. Ta haka asarar da ɗan iska ya jawo takan koma kan mutumin kirkin da ke teburi na gaba. Wannan bai wanke ta ba, amma ya nuna inda ya kamata a fara bincike: wanda ya ƙi rubuta farashi a bango kuma ya ƙi biyan ma'aikatansa ya san abin da yake shukawa.

Doka kuwa akwai ta. Tun dokar farashi da gasar kasuwanci ta 1992 aka wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayansa, kuma a 2015 majalisar dokoki ta amince da dokar kare haƙƙin masu saye. Akwai ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna wannan gwagwarmaya. Amma jami'an ma'aikatar kasuwanci da rana suke zagaye, su duba shinkafa da mai da sukari, ƙarfe shida su koma gida. Hukumomin da ke ba da izinin buɗe mashaya, da ma'aikatun magajin gari da ke karɓar haraji a hannunsu, suna da ikon gindaya sharaɗi mai sauƙi: allo a bango, farashi da manyan lambobi, a rubuta shi da tamma kuma a rubuta shi da dala, da takardar lissafi ga duk teburin da ya nema. Allo da alli ba su kai kuɗin kwalba biyu ba. Mai wurin da ya ce ba zai iya ba, a tambaye shi dalili kafin a sabunta masa takarda.

Kafin a kai can, mai fita dare ya yi abin da yake yi a kasuwar dabbobi. Ya tambayi farashi kafin a buɗe kwalba, ya kuma ce a faɗa masa da dala ne ko da tamma. Ya biya kowane zagaye a lokacinsa, kwalaben su tafi tare da kuɗin. Ya canza babbar takardarsa tun da rana wajen mai kanti, kada ya shiga da jika goma yana neman lemun dala saba'in. In an kawo canji ya ƙidaya shi a gaban wadda ta kawo, ƙarƙashin fitila, ko da abokai na yi masa dariya. Ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi ba su taɓa karɓar buhun aya daga Gazawa ba tare da sun ɗora shi a sikeli ba, kuma babu wanda ya taɓa ce musu marowata saboda haka.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.